Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumomin jihar Damagaram da sarakunan ruwa: a sa wa yawon kwale-kwale ƙa'ida kafin tabkuna su cika

Zuwa ga shugabanninmu na jiha da na gundumomi, da masu riƙe da ƙananan hukumomin da Allah ya ba tabkuna, da iyayenmu sarakuna da hakimai, da sarakunan ruwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamaninku, ya taya ku riƙon amanar da ya ɗora muku.

Ni malamin makarantar firamare ne a cikin birnin Damagaram, shekara 19 ke nan ina riƙe da alli. Wannan takarda ba tawa ba ce ni kaɗai. Mun zauna da iyayen yara na unguwarmu, da wasu abokan aikina, da samarin wata fada da ke bakin layinmu, aka ce tunda abin a gabana ya faru, ni zan rubuta. Kukanmu a kan kwale-kwalen masunta ne, wanda a ƴan shekarun nan ya koma abin yawon shan iska a tabkunanmu, ana ɗaukar ƴaƴanmu a ciki ba ƙa'ida, ba ƙidaya, ba rigar ceto, kuma ba wanda za a riƙe idan abu ya faru.

Washegarin sallah ƙarama na raka yaran gidanmu da na maƙwabta wani tabki da ke gabas da birni. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi sunan mai jirgin ba, don bawan Allah ne mai neman abincin iyalinsa, kuma abin da ya yi shi kowa ke yi. Dala ashirin yake karɓa kan kowane yaro, ya zaga da su ya dawo. Jirgin na mutum biyu ne da ragarsu. Na ƙirga yara 11 a ciki, kowa da ɗinkinsa na sallah. Tsakanin bakin jirgi da ruwa bai kai tafin hannu ba. Ba su yi nisa ba wata yarinya ta miƙe za ta ɗauki hoto da salula, biyu suka karkato su shiga hoton, jirgin ya sha ruwa ta gefe guda ya kife. Mafi yawansu ruwan iya ƙirji ya kama su. Amma akwai yaro ɗan shekara 9 da ya faɗa inda ƙasa ta zurma, babbar rigarsa ta rufe masa fuska. Bai yi ihu ba. Kansa kawai muka ga ya leƙo sau biyu. Wani dattijo mai garka a bakin tabkin ne ya sheƙo da doguwar gora, ya shiga iya ƙugu ya sarƙafo rigar ya jawo shi. Yaron ya rayu, alhamdulillahi. Ni kuwa da na tsaya a bakin ruwa, malami da sunan mai kula da su, ban iya iyo ba, ban san abin da zan yi ba. Wannan tsayuwar ce ta hana ni barci har na ɗauki alƙalami.

Abu na farko da nake son ku duba, ranku ya daɗe, shi ne su wane ne ke shiga waɗannan jirage. Damagaram gari ne na ƙarancin ruwa, kowa ya sani; yana cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni suka kai Yamai a 1926. Yaron da ya tashi a Birni ko Zango ko Garin Malam ruwan da ya sani shi ne na famfo da na ƴan garuwa. Ruwan da ya wuce gwiwarsa bai taɓa shiga ba. Ɗan masunci na Gidimuni ko na Lasuri tun yana rarrafe yake wasa da ruwa, idan jirgi ya kife dariya zai yi ya juyo da shi. To jirgin da aka sassaƙa domin irin wannan yaro shi ne yanzu ake cika wa ƴan birni: ƴan makaranta masu fitar ƙarshen shekara, ɗaliban jami'a, ƴan rakiyar amarya, samarin fada ranar Lahadi. Mai jirgi yana auna hatsarin da ma'aunin kansa, shi da ruwa ba ya ba tsoro, fasinjojinsa kuma ba su san abin tsoron ba balle su ji shi.

Sai maganar lodi, wadda ita ce uwar matsalar. Ba jirgi ko ɗaya da na gani an rubuta masa adadin mutanen da zai ɗauka. Motar haya tana da adadin kujeru a takardarta, jandarma na tsayar da ita a hanya. Kwale-kwale kuwa iyakarsa ita ce inda kwaɗayin dala ashirin ya tsaya. Kuma kwale-kwale ba ya yafe kuskure: ƙasansa siriri ne, da zarar nauyi ya taru a sama ko ya karkata gefe guda, ya tafi. Mutum ɗaya ya miƙe tsaye ya isa. Wasu jiragen ma da tsumma da kwalta aka toshe tsagarsu, yaro guda yana zaune yana kwarfe ruwa da gwangwani tun daga tashi har dawowa. Mun ga inda irin wannan ke kai mutane. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, mutum aƙalla 29 suka rasu, mafi yawansu yara ƴan Islamiyya masu zuwa Maulidi. Ruwan madatsa ne kwantacce irin namu na Kasama, ba kogin Kwara mai igiya ba. A Yunin 2023 kuma fiye da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi ta jihar Kwara, suna dawowa daga biki cikin dare. A duka biyun an yi maganar lodi fiye da ƙima. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, kuma Kano ba nisa gare ta da mu ba.

Rigar ceto kuwa, yawancin yaranmu a talabijin kawai suka taɓa ganinta. A Amurka, inda masu gadin teku ke fitar da ƙididdigar hatsarin jiragen shaƙatawa kowace shekara, abu guda ne ke maimaita kansa: mafi yawan waɗanda suka mutu nutsewa suka yi, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na masu nutsewar ba su sanye da rigar. Can ke nan, inda mutane da yawa suka iya iyo, ga jiragen ceto, ga motar asibiti. Ina ga mu? Na bincika na fahimci cewa rigunan ma iri-iri ne. Wadda aka rubuta wa 50N, wato ma'aunin ƙarfinta na ɗaga mutum a kan ruwa, ta wanda ya iya iyo ce, taimako kawai take yi. Wadda ta dace da ruwa kwantacce da fasinjan da bai iya iyo ba ita ce mai 100N zuwa sama, mai ƙwala da ke tallafe kai. Yaro kuma sai da tasa daidai jikinsa, mai igiya ta tsakanin ƙafafu, don idan aka sa masa ta manya zamewa zai yi ta ƙasa, rigar ta tsaya a sama shi ya tafi. Kuma sawa ake yi a ɗaure tun a tudu. Wadda aka shimfiɗa aka zauna a kai ba ta da amfani a lokacin da jirgi ya kife, don ba wanda ke da sukunin neman ta.

Akwai wani abu namu na gida da ban ji ana faɗa ba: tufafinmu. Ranar da aka fi shiga jirgi ita ce ranar da aka fi yin ado. Babbar riga, shadda mai sitati, zane, dogon hijabi, duk idan suka jiƙe nannaɗe mutum suke yi, su ɗaure ƙafa su rufe fuska. Ba cewa nake a tuɓe ba, Allah ya kiyaye. Rigar ceto a kan sutura ake sa ta, ita ce ma ke tattare tufafin wuri guda. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mace mai goyo a cikin jirgi. Idan ta faɗa ruwa, ko da ita ta samu ta ɗago kanta ta shaƙi iska, jaririn da ke bayanta yana ƙarƙashin ruwa, kuma majanyi jiƙaƙƙe ba ya kwancewa da sauri. Na ga wannan da idona a jirgin da ya tashi kafin na yaranmu, uwa da goyo tana dariya. Allah ya tsare, ba abin da ya same su.

Sannan tabkunan namu kallon kitse ake wa rogo. Sama lumui, ƙasa taɓo mai riƙe ƙafa, ga kacalla da ta cinye gefuna, ga ragar masunta da mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi a shimfiɗe. Tun daminar 2024, wadda ta ci rayukan fiye da mutum 300 a ƙasar nan, ta kuma rushe mana tsohon masallacin Birni a farkon Satumba, tabkuna da dama sun wuce iyakarsu ta da. Ruwa ya hau garake, ya rufe rijiyoyin ban-ruwa da ramukan da aka haƙa don tubali. Mutum na tafiya iya gwiwa, taki guda ya faɗa ramin da ya fi tsawonsa. Irin wannan ramin ne ya so ya cinye yaron da na ba ku labari. Mutanen gari sun san wuraren ɗaya bayan ɗaya, amma ba sanda, ba tuta, ba allo da zai gaya wa baƙo.

Lokaci ma abin dubawa ne. Masu yawo sun fi son la'asar sakaliya, rana ta yi sanyi, hoto ya fi kyau. Da damina kuwa lokacin ne hadari ya fi haɗowa daga gabas, iska mai ƙura ta riga ruwan isowa, cikin ƴan mintoci tabki ya hautsine. Masunci na ganin gabas ta yi baƙi zai juyo. Wanda ya karɓi kuɗin mutane yakan ce bari a ƙarasa zagayen. Bayan magariba kuma, idan mutum ya faɗa, ba mai ganin inda ya faɗa. Ga kuma yaran da ake bar wa jirgi, ɗan shekara 12 yana tuƙa sa'o'insa don ubansa ya tafi kasuwa. Ga wasu samarin da ke shiga bayan sun sha ƙwaya, suna girgiza jirgi da gangan don ƴan mata su yi ihu.

Na zo kan abin da ya fi ci mini rai, wato abin da muke yi bayan an fito da mutum. Da aka kwantar da yaron nan a bakin ruwa, jama'a suka rufu a kansa. Wani ya hau danna masa ciki, wani na cewa a ɗaga ƙafafunsa sama a zazzage ruwan. Duk da kyakkyawar niyya, kuma duk kuskure ne, daga baya wani ma'aikacin lafiya ya fahimtar da ni. Danna ciki amai yake jawowa, aman ya koma hanyar numfashi. Abin da ke kashe wanda ya nutse rashin iska ne, kuma ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Idan ba ya numfashi, hura masa iska baki da baki ake fara yi, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa. Idan yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi, sannan a kai shi likita ko da ya ce ya warware, don ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da matsala bayan sa'o'i. Mu fiye da talatin ne a wurin, da malamai a cikinmu, ba wanda ya san wannan. Yaron Allah ne ya nufa yana da sauran numfashi. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, mun sani, kuma suna iya ƙoƙarinsu. Amma tabkin da ke nisan kilomita da dama daga birni, ta hanyar rairayi, ba motar da za ta isa cikin minti 5. Wanda ke tsaye a bakin ruwa shi ne mai ceto, ko ya iya ko bai iya ba.

Haka nan mun ɗauka mai nutsewa yana ihu yana ɗaga hannu. Ba ya yi. Bakinsa na leƙowa ya shaƙi iska ya koma, ba shi da numfashin kira. Wanda kuma ya yi kukan kura ya faɗa don ya cece shi alhali bai ƙware ba, sau da yawa su biyun ake rasawa, don mai nutsewa duk abin da ya kama dannewa yake yi. Dattijon nan mai gora ya fi mu duka hikima: ya miƙa abu, ƙafarsa na ƙasa.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a ranar: ajali ne, in ya zo ba makawa. Wasu kuma su ce tabkin wane dama duk shekara sai mutanen ruwa sun ɗauki rai. Ni Musulmi ne, na yi imani da ƙaddara mai daɗi da mara daɗi. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka tambaye shi game da raƙumi cewa ya yi a ɗaure sannan a yi tawakkali. Allah kuma ya ce kada mu jefa kanmu cikin halaka da hannayenmu. Wanda ya zuba yara 11 a jirgin mutum biyu bai ɗaure raƙumi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021. Daga 2000 zuwa 2021, idan aka auna da yawan jama'a, mace-macen sun ragu da kashi 38 cikin 100 a duniya, a Afirka kuwa kashi 3 kacal. Ba wai mutanen ruwa sun fi yawa a nahiyarmu ba ne. Wasu sun koya wa yaransu iyo, sun kafa doka, sun horar da masu ceto.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo, kuma kafin komai muna roƙon kada a hana yawon. Hanawa za ta yanke wa masunta ɗan abin da suke samu, yara kuma su koma shiga a ɓoye inda ba babba. Yaran Damagaram ba su da wuraren shaƙatawa da yawa, tabkunan nan ni'ima ce. Tabkin Gidimuni har yana cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar tun 2019. Abin alfahari ne yaranmu su je su gan shi, su dawo gida lafiya.

A ƙirga jiragen da ke ɗaukar mutane a kowane tabki, a duba lafiyarsu, a rubuta wa kowanne lamba da adadin fasinja da fenti a jikinsa, da manyan baƙaƙe yadda uwa za ta gani daga tudu. A ja layi a gefen jirgi, idan ruwa ya taɓa layin a sauke mutum. Wannan aikin gwangwanin fenti ne da yini guda. A ba sarakunan ruwa ikon tsayar da duk jirgin da ya saɓa, hukuma ta mara musu baya, don su ne a bakin ruwa kullum, su suka san kowane mai jirgi da ubansa, kuma maganarsu ta fi takarda shiga. Ma'aikatan ruwa da gandun daji da ke hulɗa da masunta kan izinin su, su haɗa da wannan dubawar.

A kafa ƙa'ida cewa ba riga, ba shiga. Mun san mai jirgi ɗaya ba zai iya sayen riguna shida ba. A saya wa ƙungiyar masunta ta kowace mashiga, da na manya da na yara, a ajiye hannun sarkin ruwa, a ƙara ɗan abu kan kuɗin shiga don gyara da canji. Mu iyaye mun yarda mu biya ƙarin. Daga cikin kuɗin da ƙananan hukumomi ke karɓa a kasuwannin kifi ma ana iya fitar da na farawa.

Kafin rigunan su iso, akwai abin da za a yi gobe da safe. Bido mai lita 20, babu komai ciki, a rufe shi gam, yana iya tallafe nauyin kusan kilo 20 a kan ruwa, wanda ya isa ya riƙe kan babban mutum a sama. A ɗaura masa doguwar igiya, a sa biyu a kowane jirgi, a rataye wasu a bakin mashiga tare da doguwar gora. Ba zai maye gurbin riga ba, don sai mai hankalinsa a jikinsa ke iya rungumarsa, amma ya fi hannu banza. A kuma riƙa gaya wa fasinja kafin a tashi: kowa ya zauna, ba miƙewa, ba canza wuri, in jirgi ya kife a riƙe jikinsa, don na katako yawanci ba ya nutsewa.

A tsayar da lokaci: ba tashi bayan rana ta faɗi, ba tashi idan hadari ya haɗo. A hana yaro tuƙa fasinja. A hana shiga da goyo a baya. A kafa sanduna masu jan ƙyalle a kan ramuka da rijiyoyin da ruwa ya rufe. Mutanen gari za su nuna su kyauta.

A horar da mutane agajin gaggawa a inda ruwan yake: masu jirgi, masu garake, samarin fada, da mu malamai. Ƴan kwana-kwana da ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge suna da masu koyar da wannan, yini biyu sun isa a fara. Ranakun sallah biyu da lokacin fitar ƴan makaranta a ajiye ƙwararru a manyan tabkuna, kamar yadda ake baza jami'ai a gari ranar hawa. Duk makarantar da za ta kai yara bakin ruwa ta sanar tukuna, ta tafi da wanda ya iya iyo. Ina faɗar wannan ne a kan kaina kafin kowa, don ni ban yi ba.

Roƙo na ƙarshe ya fi sauran ɗaukar lokaci: a koya wa yaranmu iyo, maza da mata, kowa da nasa lokaci da nasa mai koyarwa, a wuri mai tsabta da aka killace, don mun san ruwan tabki na kawo tsargiya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa tun 2021, kuma ranar tana faɗowa daidai lokacin da tabkunanmu ke cika, yara na hutu. Muna roƙon gidajen rediyonmu su yi maganar da Hausa da Barbarci da Fulatanci a makon, limamai kuma su taɓo ta a huɗubar Juma'a. A riƙa kuma rubuta duk wanda ruwa ya ci, a wane tabki, a wane wata, yana shekara nawa, don a halin yanzu jana'iza ake yi a watse, shekara ta zagayo a sake.

Mu a namu ɓangaren mun fara. Samarin fadarmu sun tara bido 14 da igiya, iyaye sun yi karo-karo na riguna huɗu na yara, za mu kai su mashigar da abin ya faru. Muna da mutum 20 da suka rubuta sunansu suna jiran ranar da za a turo mai koyar da agaji, ajina kuma a buɗe yake ranar Asabar idan ana neman wurin yi.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Wani malamin firamare, a madadin iyaye da malamai da samarin unguwarmu,
Damagaram.